Kaset Ɗaya Tsakanin Ƙaura da Guangzhou

Duk wanda ya yi safarar tufafi daga Guangzhou a shekarar 1998 ya san Shitu mai ɗaurin kaya. A lokacin mu Hausawa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba a unguwar Xiaobei. Idan ka kwaso riguna daga kasuwar Baima, wurinsa za ka kai, ya danne su da gwiwa, ya ja igiya, dila ta fito kamar sandar sabulu. 'Yan China na sito suna tsokanarsa da "laoban", wato maigida. Shi kuwa daga "meyo", wato babu, sai "na gode" ya iya a yarensu. Daga sito sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci.

A tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda ya koyi wannan aiki. Mahaifinsa, Malam Maidaji, ya tafi yaƙin basasa yana saurayi mai barkwanci, in ji mutanen garin. Da ya dawo sai ya kama aikin gyaran layin dogo, ya kuma kama bakinsa. Ga Shitu ɗan fari, kunya ta hana uban ko kiran sunansa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu Shitu ya bar makaranta ya shiga dakon auduga. Uban ya dube shi, ya miƙa masa tsohon takalminsa na soja. Ranar da zai taho China ma hannu kawai ya ɗaga masa. Wata Juma'a muna cin taliya Shitu ya gaya mini abin da ke cin ransa: yana so ya ji daga bakin tsohon ko ya sa wa tafiyar nan albarka, ko fushi yake yi.

Gidansu ba waya, iyayen kuma ba su yi boko ba. Sai kaset. Guda ɗaya ne yake kai da komo. Mahaifiyarsa, Inna Mero, ta yi magana a ciki, Shitu ya saurara, ya ɗora amsarsa a kai, a mayar mata. Ni Kallamu ni ne ɗan aiken, tunda duk wata uku ina hanya.

A wani zuwa da na yi Guangzhou na manta da kaset ɗin a ƙasan jaka, sai da safen da zan koma na gan shi. Na ruga sito cikin ruwan sama. Shitu ya zauna kan dila ya kunna rikoda. Inna Mero ta cika gefe guda taf: akuya ta haihu, rufin zaure yana yoyo, wance ta yi aure, ka riƙe salla. Ya juya kaset ɗin. Muka ji an ja kujera, zakara ya yi cara, wani ya yi gyaran murya. Sai shiru.

"Baba ne," in ji Shitu, yana murmushin da ba na daɗi ba. "An ajiye masa rikoda a gaba, ya ƙi."

Ya ƙara minti guda yana jira. Ni kuwa idona yana kan agogo, don jirgin ƙasan Hong Kong ba ya jiran kowa.

Na ce, "Ƙanena, ka san halinsa. Ga wuri nan babu komai, yi maganarka a kai in wuce."

Ya dawo da shi farko, ya danna jan maɓalli. Ya yi ta ba su labarin ruwan sama da cin abinci da tsinke, ya ce lafiyarsa lau. Ya cire ya ba ni.

Na isa Ƙaura na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kwana tara da rasuwar Malam Maidaji. Inna Mero ta yi mini magana ta bayan labule.

"Alhaji, yaron ya ji abin da ubansa ya faɗa?"

Na ce ai shiru muka ji.

Ta ce tsohon ya daɗe kafin ya fara. Amma da ya fara, sai da ya kusa cinye gefen. Ita ma korar ta ya yi daga ɗakin, daga tsakar gida take jiyo sautinsa. Ta ji ya ambaci wani kogi da suka haye lokacin yaƙi, ta kuma ji ya kira sunan Shitu har sau uku. Sauran ba ta ji ba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau ina ganin da laifina.

Ba ta ɗora komai a kai ba, haka na mayar wa Shitu da na koma Guangzhou. Na faɗa masa duka, ban rage ba. Bai zarge ni ba, da ma ya zarga. Ya sa kaset ɗin, muka zauna muna jin muryarsa tana labarin ruwan sama har ta ƙare. Saura kaɗan zaren ya ƙare sai wata murya mai kauri ta fito, ta tsoho, a gajiye:

"...to, shi ke nan. Na gama. A zo a kashe abin nan."

Shitu ya dawo da shi baya kaɗan ya sake kunnawa. Ya sake. Daga waje wani ɗan China yana kiran laoban, ga mota ta kawo kaya. Ya cire kaset ɗin, ya karya 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada a ƙara ɗora wata murya a kai, ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki igiyarsa.