Ranar da Dauda Ya Je Nema wa 'Yarsa Malama

Yayana Dauda, mai kyafaffen kifi a kasuwar Nguru, bai taɓa yarda da aike ba. A Katuzu aka haife mu, inda in yaro zai koyi saƙar raga, uba ne ke zuwa da kansa ya roƙi mai koyarwa. Shi ke nan fa, kan Dauda ya tsaya a nan. Ko ɗinki zai bayar sai ya je ya zauna an gaisa da tela. Na yi mita har na gaji.

'Yarsa Huseina, wadda ya rena shi kaɗai bayan rasuwar mahaifiyarta, tana digiri na biyu a jami'ar Gashua. Fannin ƙirƙirarriyar basira take karanta, so take ta koya wa kwamfuta jin Badanci, yarenmu. Amma dole ta samu malamin da zai kula da bincikenta, in ba haka ba zangon karatu ya ƙare ta dawo gida. Ta yi ta tura wa malaman jami'ar saƙo ta waya. Wannan ya ce ɗalibai sun yi masa yawa, wancan ya ce ba fanninsa ba ne. Saura wata Dokta Zara, ita kuwa shiru. Huseina duk ta rame.

Dauda ya ce ai dole a yi mata shiru, wa ya taɓa neman malami ta waya? Bai gaya wa Huseina ba, ya sa rigarsa ta Sallah, ya ƙulla goro, ya ja ni, ƙanwarsa, na raka shi tunda wajen mace za a je.

Da muka isa ƙofar ofishin Dokta Zara, bawan Allah nan ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Na ce ya ƙwanƙwasa mana, ya ce ba a tayar da malami, jira ake yi ya fito. Shi a ransa wata dattijuwa yake jira.

Can sai ga wata yarinya da jaka a baya, ta durƙusa ta gaishe mu. Dauda ya ɗauka ɗaliba ce, ya roƙe ta ta sa masa baki wajen Dokta. Sai ya shiga zayyana mata halin 'yarsa, kamar yadda ake yi wa malami. Ya ce shi bai san kan kwamfuta ba, amma Huseina ba ta barin aiki a rabi. Tana da kafiya, gadonsa ta yi. In an yi mata faɗa takan yi shiru, ba raini ba ne, kuka take ɓoyewa. In kuma karatu ya ɗauke mata hankali mantawa take da abinci, sai an tsaya a kanta. Wallahi ban san ya san ta haka ba, sai da tausayinsa ya kama ni.

Yarinyar nan ta zauna a ƙasa kusa da mu, ta ce ita ce Zara. Na ji kamar in nutse don kunya. Ta ce ta karanta saƙon Huseina, aikin ya burge ta, nauyinsa ne ya sa take ta juya abin a ranta.

"Baba, na karɓe ta," in ji ta. "Maganar abincin ma ka bar ta a hannuna."

Dauda ya miƙa mata ƙullin goron nan. Sai ya juya fuskarsa bango, ya daɗe yana goge ido da hannun riga.