Jawabin da ba a yi wa Kawu Bello ba

Jiya ina yi wa 'yata Hanan kitso a falonmu na unguwar Bronx a nan Amurka, tana ta haddar jawabin da aka ba su a makaranta, wanda wani tsohon shugaban Amurka ya yi a Gettysburg bayan wani gumurzu a yaƙin basasarsu. Ta ce kaburburan sojojin suna nan a jere, waɗanda ba a gane ba ma an sa musu lamba.

Can sai ta waigo. "Mama, Kawu Bello ma soja ne ko? Wane jawabi aka yi masa?"

Ƙanena ne. Bara aka kashe shi a dajin Borno. Abokin aikinsa ne ya bugo mana waya, shi ke nan, ko gawa ba mu gani ba. Sallar ga'ib aka yi masa a masallacin unguwarmu, kowa ya ruga wurin aiki.

Na ce, "Ba a yi ba."

"To ina kabarinsa?"

Wallahi sai na daka mata tsawa ta daina motsi, kitso zai karkace.

Nasu sun haura shekara ɗari ana tunawa, namu shekara guda har an manta. Jama'a, in ta sake tambaya me zan ce mata?