Kalangun da Bai Raka Ni Yendi Ba

Ko na tsufa har na manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da aka kai ni ɗakin miji ba.

Babana makaɗin mahauta ne a Salaga. Su kuwa mahauta ba su cika sallamar makaɗi da kuɗi ba, sai da hanta da ƙoda da tumbi. Kullum tukunyarmu na ƙamshi, har maƙwabta na tsokanarmu wai mun fi mahautan cin nama. Shekara da shekaru wuyan hannunsa na dama yana kumbura, ya yi zafi kamar garwashi. Ya ce sanyi ne, ya shafa man kaɗe, ya koma bakin aiki.

Tun ina ƙarama yake ce mini, “Uwata, ran aurenki ba mai taɓa fata sai ni. Ko Yendi ne, zan kai ki da kiɗa.”

Ranar ta zo, kuma Yendi ɗin za a kai ni. Ina lulluɓe a ɗaki na ji ya ɗauko takena, wanda ya ƙirƙira tun ranar sunana. Ana cikin guɗa sai kiɗa ya yanke. Na leƙa ta taga, na ga sandar kiɗan a ƙasa, yatsunsa sun saki, yana ƙoƙarin ɗaga su sun ƙi.

Daga baya ne likita a Tamale ya ce wani abu kamar gishiri ya taru a gaɓar, ya yi ta goga jijiya har ta tsinke, kuma kayan cikin nan su suka ƙara masa. Abin da muka ci muna murna kenan.

A ranar, ana sa ni a lori Baba ya matso, hannu naɗe a rawani.

“Baba, ka zauna, don Allah.”

“Hannu ne ya mutu, uwata, ba baki ba.”

Ya bi lori a ƙafa yana yin taken da bakinsa, har muka fita daga gari muryar ta ɓace. Bai sake kiɗa ba har ya rasu.

Na sha kiɗa a Yendi, na sha a Bawku inda muka koma, amma kunnena wancan yake nema. Abin da na koya shi ne, in naka ya ce ciwonsa ba komai ba ne, kada ka yarda, ka ja shi asibiti ko yana faɗa. Da mun yi haka, wataƙila da ya kai ni Yendi.