Ƙamus a Kan Gafakar Baba

Ina aji bakwai a firamaren Kiyako, lokacin da kuɗin fetur ya fara sa wa azuzuwanmu rufin kwano, malamin Turanci ya gaya mana Turawa suna da kalmomi dabam-dabam na kiran littafi mai kauri. Akwai ta wanda hannu ɗaya ba ya ɗauka, akwai ta wanda aka raba juzu'i-juzu'i. Ya ba ni aron ƙamus ɗin makaranta in nemo su kafin Litinin. Da gammo na ɗauko shi gida, kamar tulu, ina ta jin kaina.

Babana malami ne. Da ƙyar ya bar 'yarsa ta shiga boko, kuma sharaɗinsa ɗaya: ranar da boko ya rage mini ladabi, na bar shi ke nan. Baba ba ya maimaita magana.

Ran Asabar da azahar ruwa ya kece, ɗakin Inna ya fara yoyo. Na rungumi ƙamus na ruga zauren Baba, na ɗora shi a kan katakon da ya fi ko'ina tsayi, na koma tara kwanuka. Sai da na jiyo tarinsa a zaure na tuna abin da ke kan katakon nan. Gafakar Alƙur'aninsa ce. A gidanmu ko hula ba a ɗora mata.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da ya kira sunana, na je na durƙusa.

Ya riga ya sauke ƙamus ɗin, yana auna nauyinsa da hannu biyu. Na yi masa bayanin aikin da aka ba ni.

"Cikin kalmomin nan," in ji shi, "akwai wadda ta gaya miki inda ake ajiye littafi?"

Na ce babu.

"Litinin ki mayar musu da kayansu."

Na jira sauran maganar, bai ƙara ba. Litinin na mayar. Talata na sa kayan makaranta, na biyo ta zaure kamar mai satar hanya, na gaishe shi. Ya amsa bai ɗago kai ba.

Ƙasa da gafakar, kamu biyu, na ga ya kafa sabon katako, daidai faɗin ƙamus.