Ranar da Mai Tocila Ya Zauna

Har yanzu Mai Tocila ake ce masa, ko da yake silimar da ya yi wa aiki ta daɗe da komawa ɗakin ajiyar katifu. Aikinsa a da shi ne ya haska wa mutum hanya har kujerarsa, sannan ya tsaya kusa da allo yana fuskantar jama'a, don kada wani ya kunna sigari ko ya ɗora ƙafa a kujerar gabansa. A haka ya yi ƙuruciya, a haka ya yi furfura: fim a bayansa, mutane a gabansa. A fuskokinsu yake nasa kallon. Idan bakuna suka buɗe, ya san an zaro wuƙa. Idan aka fara jan hanci, uwar jarumi ta rasu.

Tun da aka rufe silimar, zama ya gagare shi. Daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa bakin titi, ya dawo ya gyara labulen da ba abin da ya same shi. Da an kunna talabijin sai ya tsaya gefenta yana ƙare wa mutanen gida kallo, har kowa ya tsargu ya watse. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura, likita ya ce in bai zauna ya ɗaga ta ba, sai an kai ga aiki. Matarsa ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji.

Sai 'yarsu ta zo wata ranar hutu da wani tabarau mai kauri, wanda ake ɗaurewa a kai.

"Baba, silima ce guda a ciki, da kujeru da allo. Ka zauna ka sa."

Ya sa, amma a tsaye. Ba ta yi ƙarya ba: ga jajayen kujeru layi-layi, ga allo ya fi na wurin aikinsa girma. Fitilu suka dusashe. Shi kuwa jikinsa ya yi abin da ya saba, ya juya wa allon baya. Ba kowa. Kujeru har ƙarshen zaure, babu mai tari, babu wanda ya makara yana neman wuri. Ya taka zai duba layin baya, gwiwarsa ta bugi teburin falo.

Ya cire tabarau ɗin ransa a ɓace. "'Yar nan, silimar taku an manta ba a buɗe wa mutane ƙofa ba."

"Miƙo nan," in ji matarsa. "Shekara da shekaru kana cewa ba ka haɗa aiki da iyali, ban taɓa leƙa silimar nan ba. Yau ga ta har gida."

Ta zauna a doguwar kujera, 'yar ta ɗaura mata. Mai Tocila ya ji daɗi, ya samu fuskar da zai karanta. Ya tsaya gabanta. Sai dai tabarau ya rufe idanu da gira, baki da haɓa kawai ya bar masa. Ya leƙa ta hagu, ya leƙa ta dama, ya kasa karanta komai. Ya koma safa da marwa yana ɗingishi.

Can sai ta zabura, hannunta ya shiga laluben gefenta, inda ba kowa. Ya sha ganin irin wannan hannun a duhu, kuma a silimarsu kullum akwai wanda ke zaune a wurin. Ya tsaya cak. Sai ya zagaya, ya zauna a gefen nata. Ta damƙe hannunsa da ƙarfi.

"An zaro wuƙa ko?" ya tambaya a hankali.

"Yi shiru mana, Malam, kallo ake yi."

'Yar ta jawo wata kujera ta ɗora masa ƙafar a kai, abin da ya ƙare rayuwarsa yana hana mutane. Ya buɗe baki zai yi magana, sai matarsa ta ƙara matse hannunsa. Bai tashi ba har aka gama fim ɗin.