Fenti a Buhun Albasa

Da aka gama yaƙin basasa, kawuna na cikin waɗanda suka fara komawa Anacha. Ya tarar da sitonsa na albasa ba rufi ba ƙofa, ya sake tayar da shi da hannunsa, kuma tun daga nan bai ƙara yarda ya kwana nesa da shi ba. Ni kuwa na ɗan yi aiki a ma'ajiyar wani kamfanin mai a Fatakwal, inda kaya ke shiga suna fita ba mai ɗaga murya, manaja ma sai a daɗe bai leƙo ba. Da na dawo wurin Kawu sai na ji kamar an jefa ni kasuwar awaki.

Zamanin kuɗin mai ne, kowa na gini, kowa na buɗe gidan abinci, albasa ba ta kwana. Motocin Arewa su sauke mana kusa da tashar Upper Iweka, mu kuma mu raba: na Fatakwal, na Inugu, na cikin gari. Duk rabon nan a bakin Kawu yake. Ɗan dako zai tsaya da buhu a ka, wuya na rawa, har sai Kawu ya gama tambayar baƙo gida da iyali da gajiya, sannan ya nuna masa lungun da zai ajiye. In ya shiga masallaci, sito ya mutu sai ya fito.

Ba albasar ce ta dame ni ba. Kakata, mahaifiyarsa, tana kwance a ƙauyenmu can bayan Gusau, kuma duk direban da ya zo da saƙo ɗaya yake zuwa: tsohuwa ta ce ka zo ta gan ka. Kawu sai ya ce, "In na tafi, wa zai raba kaya?"

Na ce to, bari in cire masa wannan hujjar. Na sayo fenti kala uku. Ja na Fatakwal, shuɗi na Inugu, kore na cikin gari. Tun a bakin mota ake dangwala wa buhu fentinsa, kowane launi da bangonsa a sito. Na sa aka fasa ƙofa ta baya, sabon kaya ya shiga ta gaba, tsoho ya fita ta baya, don kada wani buhu ya manne a lungu ya ruɓe. Wanda ya fara wari a ja masa layi a fitar da shi rana. Ba karatu, ba tambaya. Ko makaho ka ba shi ɗan jagora zai yi aikin nan. Kawu ya zagaya ya duba, ya ce, "Ɗan boko ya mayar mini da sito makarantar yara." Amma bai hana ba.

Washegari na ga abin da ya kusa sa ni kuka. Babban ɗan dakonmu, wani dattijo Bakatsine, ya ɗauko buhu da jan fenti ɓaro-ɓaro a jikinsa, ya wuce jan bango, ya je gaban Kawu ya rusuna.

"Maigida, wannan na Fatakwal ne?"

Na ce, "Baba, ba ka ga ja ba ne?"

Ya ce, "Na gani mana. Amma ya za a yi in wuce mai kaya yana zaune ban tambaye shi ba? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Sauran duk suka bi sahu. Fentin da na yi don a daina tambaya sai ya zama abin da ake nunawa in an zo tambayar. Kawu kuwa ya gyara zama, ya ƙura wa buhu ido kamar yana nazari, ya ce, "E, kai shi can."

Direbobi sun fi ba ni haushi. An loda mota, an ɗaure tamfol, inji na ta kuka, amma ba mai tashi sai Kawu ya dafa ƙofa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Har direbanmu ɗan Kudancin Kaduna, Kirista, sai ya leƙo ya ce mini, "Oga never talk, maigida bai yi magana ba, ba zan tashi ba." Na roƙi limamin unguwa ya riƙa zuwa yana yi musu addu'a. Suka shafa, suka ce amin, suka ci gaba da jiran Kawu.

Na same shi bayan la'asar, raina a ɓace. Na ce, "Kawu, don Allah ka tafi. Tsarin nan zai riƙe kansa, kai ne kake hana shi."

Ya ce, "Ka ga dai da idonka, ba abin da ke motsi sai ina nan. Bari damina ta wuce."

Damina ba ta wuce ba wani direba ya sauko daga mota, bai ko kashe inji ba, ya tsuguna a gaban Kawu ya cire hula. A ranar Kawu ya bi motar da ke komawa Arewa, ya tarar an riga an yi wa tsohuwa jana'iza.

Ya zauna can har aka yi sadakar arba'in. A duk tsawon lokacin nan ba buhun da ya ɓata hanya. Dattijon nan ya riƙa kallon fenti yana wucewa abinsa, tunda ba wanda zai rusuna wa. Direbobi su yi bisimilla, ɗan Kudancin Kaduna ya yi tasa addu'ar, su ja mota. Ban ji daɗin ko ɗaya ba. Haushi kawai nake ji, ban ma san wa zan ji wa ba.

Da ya dawo ya rame. Ya shiga ta ƙofar gaba ya fita ta baya, yana shinshina buhuna, yana neman ɓarna. Ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Me ya lalace da ba na nan?"

Na so in ƙirƙiro masa wani abu, ko buhu ɗaya ne, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Ba komai, Kawu."

Ya daɗe yana kallon jan bangon. Can ya ce, a hankali, "Ashe da na tafi tun tana kirana."