Agogon Motar Baba

Motar Baba tana da wani ciwo da duk makanikan Mayahi suka gaji da shi: in ta kwana da batir a haɗe, gari zai waye ba wuta. Shi ya sa kullum in ya dawo daga kai ƴan kasuwa, sai ya buɗe gabanta ya cire waya ɗaya daga kan batir, da safe ya mayar. Da ya mayar, ɗan agogon da ke jikin tablo, allon da ke gaban direba, sai ya manta komai, ya koma sifili yana ta ƙyaftawa.

Gyara shi aikina ne tun ina ajin farko a kolej. Maɓallansa biyu ne, sun shige ciki, yatsa ba ya kai musu. Da fil ɗin kallabina nake dannawa, ɗaya na awa, ɗaya na minti. Baba ba ya so a daidaita shi da wayar hannu. Sai na ɗan tura shi gaba, domin da shi yake duba lokacin salla a hanya, kuma yana so ya sami inuwa ya tsaya, fasinja su yi alwala a tsanake. Ba ya tada mota sai na gama. Sunan mahaifiyarsa gare ni, saboda haka ba ya kiran sunana. "Uwata, a ba mu lokaci," haka yake cewa, yana goge gilashi da tsumma.

A daminar bara na bi shi kasuwar Kanan-Bakashe. Muna komowa Gidan Amumune bayan la'asar, ina gaba kusa da shi, yana ba ni labarin wani fasinja da ya shigo da akuya a cinya. Sai labarin ya tsaya a tsakiya. Na waiwaya, na ga bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya zame ya faɗi kan cinyarsa. Motar ta bar hanya ta shiga gonar gero. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar karan gero yana dukan gilashi, da matan da ke baya suna salati. Rairayi ne ya tsayar da mu. Ba wanda ya ji rauni.

Likita ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta buge shi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma kamar ta mai tuwo a baki. A gidan ni kaɗai nake gane abin da yake nufi, ni nake ba shi magani, ni nake juya shi a shimfiɗa. Wannan duka na iya. Abin da na kasa shi ne shiga mota. Ko ƙarar tashinta na ji daga nesa, sai in toshe kunnuwa in shige ɗaki. An ba ni rubutu na sha, an yi mini hayaƙi. Na gaji, mutanen gida ma sun gaji da ni.

Likitan Mayahi ya ce duk ranar randebu, wato ranar da ya sa a komo, a zo da mai jinyarsa. Na farko ya wuce mu, domin na kai bakin ƙofar motar na durƙusa na yi amai, Baba kuwa ya ƙi tafiya ba ni. Kafin na biyu ƙafarsa ta fara kumburi, maganin kuma ya kusa ƙarewa.

Ranar, yayana, wanda kabu-kabu yake yi, ya ajiye babur ɗinsa ya haɗa batir. Suka cicciɓi Baba suka sa shi a baya, Inna ta tallafe shi. Ni ina tsaye a bakin zaure, na riga na ce ba ni zuwa.

"Madmazel, mu mun tahi," in ji Yaya, yana tsokanata da kiran ƴanmatan boko. "In likita ya tambaye ni mi yake ci, sai in ce mishi iska."

"Ƙyale ta," Inna ta ce, ba ta ko dube ni ba.

Yaya ya kai hannu ga makulli. Baba ya miƙa hannunsa na hagu ya damƙe masa riga ta baya, yana wani gurnani. Yaya ya tambaye shi ko ruwa yake so, ko zama ne bai yi masa daɗi ba. Daga inda nake ina ganin yatsansa, tablo yake nunawa.

"Agogo ne," na ce.

"Agogo? Baba, ga waya a aljihuna, har da daƙiƙa tana hwaɗi."

Baba bai saki rigar ba. Yaya ya ja tsaki, ya ciro tsinken ashana ya zura a ramin maɓalli, ya karye. Ya gwada da bakin makulli, bai shiga ba. Rana tana ta hawa, Inna tana share wa Baba gumi da gefen mayafinta.

"To ki zo ki yi mishi abinshi mu wuce. Ba wanda ya ce ki shiga."

Na zare fil. Na leƙa ta taga, amma gilashin rabi yake sauka, hannuna bai kai ba. Na buɗe ƙofa na durƙusa a ƙasa, sai hasken rana ya hana ni ganin lambobin. Dole sai an zauna an kare su da tafin hannu. Na ɗosana a bakin kujera, ƙafafuna suna waje. Warin esansi, man motar, da na tsohon soso ya cika mini hanci.

Hannuna yana rawa, na danna na awa har na zarce. Maɓallin ba ya komawa baya, in an wuce sai an zagayo duka. Na sake zarcewa. Don in tsayar da hannun na dogara gwiwar hannuna a cinya, ban san lokacin da na jawo ƙafafuna ciki ba. A zagaye na uku na samu. Yaya ya nuna mini waya, na sa minti daidai da ita.

Daga baya Baba ya yi magana. Inna ta ce, "Mi ya ce?"

"Ya ce in ƙara gaba."

Na ƙara. Ya saki rigar Yaya.

Yaya ya fita ya zagayo, ya tsaya riƙe da ƙofata. Na dubi ƙasa, taku ɗaya ne tsakanina da ita. Na janye bakin zanena daga hanyar ƙofar. Ya rufe a hankali.

Ban dubi hanya ba har Mayahi. Agogon na zuba wa ido, fil ɗin yana cikin tafina, sai da muka sauka na ga ya huda ni. Likita ya sauya magani, ya ce mu komo wata mai zuwa. A komowa na yi amai sau ɗaya, a gindin gawon da muka tsaya yin azahar.

Har yanzu ba ni barci sosai in randebu ya gabato. Yaya ya ce zai nemo sabon batir a huta da cire waya. Na faɗa wa Baba. Ya girgiza kai.